Tambaya da Amsa: An ce in taka cikin laka idan ruwa ya janye don in ɗauki hoton gadar Forth

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Edinburgh, kuma ina taɓa ɗaukar hoto. Ina da kyamara mai canjin gilashi, da ƙafa-uku, da baƙar filta ND mai mataki 10, wadda ke rage hasken da ke shiga kyamara. Abin da ya dame ni shi ne gadar jirgin ƙasa ta Forth. Duk hoton da na ɗauko daga South Queensferry, garin da ke gindin gadar ta kudu, sai ya fito irin na kowa: ruwan ya yi ƙasa-ƙasa, jan fentin ko ya dushe ko ya ƙone, gadar kuma kamar za ta kife ta baya. Wani abokina da muke fita tare ya ce ya gani a bidiyo, sirrin shi ne in jira ruwa ya janye in taka cikin yashi da laka ta gabashin gadar, in yi nisa da gaɓa, wai ina da awa shida cur kafin ruwan ya dawo. Hankalina bai kwanta ba, don ko iyo ban iya ba. Sannan ina tsoron 'yan sanda su ga baƙin mutum ya kafa ƙafa-uku a gindin gada su ɗauke ni wani abu daban, ga shi bizar karatu gare ni. Malam, yaya zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Wannan rashin kwanciyar hankalin naka ka riƙe shi da kyau, ya fi shawarar abokinka amfani. Kada ka sauka. Zan zo kan jan fenti da 'yan sanda, amma bari mu fara da maganar awa shida, domin ita ce mai kisa, kuma na gaji da jin ta a bakin masu kyamara.

Abin da ya sa ƙaryar nan take shiga kunne shi ne akwai ƙwayar gaskiya a cikinta. Daga lokacin da ruwa ya kai ƙarshen janyewarsa zuwa lokacin da ya cika maƙil, awa shida ne da 'yan mintoci. Amma wa ya ce awa shidan nan naka ne? Ruwan ba ya zaune yana jira awa ta shida ta yi sannan ya taso. Tun daga mintin farko yake dawowa, kuma ba daidai-wa-daida yake hawa ba. Matuƙa jiragen ruwa suna da wani lissafi da suka daɗe suna aiki da shi: ka raba tsayin da ruwan zai hau gida 12. A awa ta farko kashi 1 yake hawa, ta biyu kashi 2, ta uku kashi 3, ta huɗu kashi 3, ta biyar kashi 2, ta shida kashi 1. Wato rabin ruwan gaba ɗaya a cikin awa biyun tsakiya yake zuwa.

Mu sa lamba a kai. A mashigar Forth, inda kogin Forth ya haɗu da teku, ranar da ruwa ya yi babban kawowa, tsakanin janyewa da cika ya kan kai kusan mita 5. Mu ce mita 4.8 don lissafi ya yi sauƙi. Kowane kashi santimita 40 ke nan. Awa ta farko santimita 40 kacal, kana tsaye kana kallo ka ga kamar ba abin da ya motsa, sai ka saki jiki. Nan ne tarkon yake. A awa ta uku da ta huɗu, mita 1.2 yake hawa kowace awa, santimita 2 a minti ɗaya. Ruwan da yake idon sawunka, cikin minti 20 ya iso gwiwa. Kafin awa ta cika ya wuce ƙugu.

Wannan tsayi ne kawai. A filin yashi da ya kwanta shafal, abin da zai dame ka shi ne gudun ruwan a kwance. Idan ƙasa tana tashi mita 1 ne a cikin kowace mita 300, bakin ruwan yana cin mita 6 a minti. Za ka ce ai na fi shi sauri. A kan kwalta, ƙwarai. Amma kana ɗauke da jaka da ƙafa-uku, takalminka ya ɗauko laka kamar an ɗaura maka dutse, duk taku sai ka ciro ƙafa da ƙyar. Lissafin ya canja.

Kuma har yanzu ban faɗi mafi muni ba. Mu da muka saba da kogi mun san ruwa idan ya kawo daga sama yake zuwa, ana ganin sa, ana kuma samun labarinsa. Na mashigar teku ba ta gabanka yake zuwa ba. Filin da kake gani a shafe cike yake da kwazazzabai da ƙananan magudanai waɗanda ruwan ya bi ya fita, kuma ta nan yake fara dawowa. Kai kana tsaye a kan ɗan tudun yashi, busasshe, fuskarka na kallon gada, ruwan da ke gabanka yana can nesa bai ko matso ba. Ashe ya zagaya ta bayanka ya cike kwarin da ka tsallaka ɗazu da taku ɗaya. Sai ka juya ka tarar tsakaninka da gaɓa akwai kogi mai gudu. Yawancin waɗanda ake cetowa a irin waɗannan wurare ba ruwa ne ya kore su ba, hanyar komawa ya yanke musu.

A cikin duk masu yawo a bakin teku babu wanda ya kai mai ɗaukar hoto sauƙin kamuwa. Mai yawo da kare yana waige-waige. Kai idonka yana cikin kyamara. Ka ɗaura filta mai mataki 10, kowane ɗauka minti biyu, idan ka kunna rage ƙurar hoto ta cikin kyamara ta ƙara maka wasu minti biyu tana aikinta. Ka duba, bai yi ba, ka gyara, ka sake. Ka ce bari jirgi ɗaya ya wuce. Ya wuce, ka ce bari hasken ya ƙara ja kaɗan. Rabin awa ta tafi ba ka ɗaga kai ba, ga magariba ta kawo jiki, alamomin da ka bi ka shigo sun ɓace. Ƙara da hazon teku da ke rufe gabashin Sikotland a bazara, wanda kan sauko cikin 'yan mintoci har ka kasa sanin ina gaɓa take.

Sai laka. Lakar mashigar teku ba ta da amana: inda ya ɗauke ka jiya yana iya haɗiye ƙafarka yau, domin kowane kawowar ruwa yana sauya mata shimfiɗa. Idan ta kama ka zuwa gwiwa, ƙarfi ba ya fitar da kai, duk yunƙurin ciro ƙafa ɗaya yana ƙara dasa ɗayar. Ba lakar ce take kashewa ba, riƙe ka take yi har ruwa ya iso. Ruwan kuma na Tekun Arewa ne. Da hunturu sanyinsa yana sauka wajen digiri 6 ko 7, da bazara ma da ƙyar yake kaiwa 15. Duk ruwan da bai kai digiri 15 ba yana iya sa numfashi ya ƙwace wa mutum da zarar ya faɗa, ya ja ruwa cikin huhu ba da son ransa ba. Ka ce ba ka iya iyo ba. To ka sani ko gwanin iyo, da rigar sanyi da takalmin da ya cika da ruwa, bai fi ka da komai ba. Ga shi daidai gadar ne mashigar ta tsuke, shi ya sa ma aka gina ta a nan, a kan tsibirin Inchgarvie da ke tsakiya, kuma inda ruwa ya tsuke gudunsa yake ƙaruwa.

Za ka ji wani ya ce, ai ina da jadawalin ruwa a wayata. Madalla. Amma ka tambaye shi abu huɗu ka ga ko ya sani. Na wace tashar ruwa yake dubawa? Domin lokacin Leith ko Rosyth ne ya shafe ka, ba na wani gari da manhajar ta zaɓa masa ba. Da wane agogo aka rubuta shi? Jadawali da yawa da agogon GMT suke, alhali daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogon Birtaniya yana gaba da awa ɗaya. Ya san lokacin yana matsawa kusan minti 50 kowace rana, ta yadda abin da ya yi daidai ranar Asabar ɗin da ta wuce ya zama akasinsa a wannan Asabar? Ya kuma san jadawalin hasashe ne da aka gina a kan tafiyar wata da rana kawai, bai san da iska ba? Idan iska mai ƙarfi ta taso daga teku, ko nauyin iska ya faɗi, ruwan ya kan zo da wuri, ya kuma haura abin da aka rubuta. Faɗuwar milibar 1 tana ɗaga ruwa kusan santimita 1, to ka lissafa ranar hadari da ya faɗi da 30.

Akwai wani abu da kai ka fi Turawan da ke kusa da kai saurin ganewa, tunda kana bin kwanan wata. Babban kawowar ruwa yana zuwa ne kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata, da kuma bayan ya cika, daren 14 ko 15. A ranakun nan ruwa ya fi janyewa nesa, filin yashi ya fi buɗewa, ya fi kiran mutum ya shigo. A ranakun nan ne kuma ya fi dawowa da gudu, saboda ruwan da zai hau ya fi yawa amma awannin ba su ƙaru ba. Ranar da ta fi yaudara ita ce ranar da ta fi haɗari.

Ba sai ka yi nisa ba za ka ga shaida. 'Yan kilomita gabas da gadar akwai tsibirin Cramond, wanda ake takawa a ƙasa a je idan ruwa ya janye. Hanyar ta kankare ce, ba laka ba, an kafa allon da ke nuna lokutan tsallakawa a bakinta, kuma lokacin da ake ba mutane bai wuce kamar awa biyu kafin ƙarshen janyewa da awa biyu bayansa ba. Awa biyu, ba shida ba, a kan kankare. Duk da haka shekara ba ta wucewa ba a je an kwaso mutanen da ruwa ya tsare a can ba. Tsakanin Cramond da Hound Point kuwa filin yashin Drum Sands ne, irin wurin da abokinka yake nufi, babu kankare babu allo. Masu zuwa kwaso mutanen nan su ne ma'aikatan jirgin ceto na RNLI, tasharsu tana nan a gindin gadar, a Hawes Pier, inda kake tsayawa kana ɗaukar hoto. Mafi yawansu 'yan sa kai ne, suna da iyali, suna barin abinci a faranti su fita.

A arewa maso yammacin Ingila kuma, a Morecambe Bay, daren 5 ga Fabrairun 2004 ruwa ya rutsa da 'yan ƙasar Sin masu tonon ƙwanson teku, aƙalla 21 suka mutu. Ba wasa suka je yi ba, neman abinci ne, waɗanda suka tura su ba su san ruwan ba ko ba su damu ba. A gefen wannan mashigar, a Arnside, inda wata tsohuwar gadar jirgin ƙasa ta 1857 ta ratsa bakin kogin Kent, har jiniya ake busawa don a gargaɗi mutane cewa ruwa na tafe. Mutanen da suka gaji wurin kaka da kakanni sun ga sai da jiniya, amma wani mai bidiyo da ya je sau ɗaya ya dawo lafiya yana koya wa mutane "sirri".

Masu bidiyon nan suna ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Mutum ya yi sa'a ranar ƙaramin ruwa, ba iska, ya yanke wurin da ya zame, ya yanke wurin da ya ruga da gudu, ya ɗora kiɗa, ya ce sai mai zuciya ne ke samun hoto. Wanda bai dawo ba ai ba ya ɗora bidiyo. Namu kuma da aka gaya wa sai ya ce, idan kwana bai ƙare ba babu abin da zai faru. Gaskiya ne rai a hannun Allah yake, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Iyayen da suka tura ka karatu ba su tura ka don a kira su a ce an tsinci jakar kyamara ba. Wanda ya shiga laka da gangan kuma ba ransa kaɗai ya sa a caca ba, har da na waɗanda za su fita nemansa cikin duhu.

Idan tsautsayi ya sa ka ga wani ya maƙale, ko kai ne, a kira 999 a ce a haɗa ka da Coastguard, masu tsaron gaɓar teku, tun ruwa bai iso ba, kada kunya ta sa a jira. Wanda laka ta kama ya daina kokawa, ya yar da kaya, ya baje nauyinsa ta hanyar kishingiɗa a kan jakarsa ko rigarsa. Kada kowa ya bi shi ciki. Wanda ruwa ya ɗauke ya kwanta ta baya, ya baza hannuwa da ƙafafu har numfashi ya dawo masa.

To yanzu ga abin dariyar: ko da babu haɗarin komai, hoton da ke cikin lakar ba shi da kyau. Ƙafa-uku a kan laka nitsewa take yi a hankali, ko da rabin milimita ne cikin minti biyu, ƙarfen gadar ya fito dishi-dishi, kana ta zargin gilashinka. Ruwan ƙasa-ƙasan da kake kuka da shi ma daga nan yake: ka je lokacin da ruwa ya janye ko yana tsakiyar gudu yana tayar da laka. Hoton da kake nema, inuwar gadar kwance a cikin ruwa mai santsi, yana samuwa ne a kusa da cikar ruwa, lokacin da gudun ya lafa kafin ya juya, kana tsaye a kan dutse mai ƙarfi. Ka isa wurin awa ɗaya kafin cikar, ka zauna har rabin awa bayanta. Abokinka ya ba ka lokacin a juye.

Ka haɗa abu uku: cikar ruwa, da rana a ƙasa-ƙasa, da rashin iska. A Forth babban kawowar ruwa ya kan cika ne wajen ƙarfe uku zuwa huɗu, na rana da na dare, da agogon GMT. A Disamba rana tana faɗuwa wajen 3:40 na yamma, a Yuni tana fitowa wajen 4:30 na asuba da agogon bazara. Ka ga ke nan, a tsakiyar hunturu cikar ruwa ta kan haɗu da faɗuwar rana, a tsakiyar bazara ta haɗu da fitowarta. Ka buɗe jadawalin Rosyth ka nemo ranakun, ka ajiye su.

Gadar daga kudu zuwa arewa ta miƙe, don haka gefenta na gabas da safe yake shan haske, na yamma da maraice. Daga ƙaramar tashar jiragen ruwa ta South Queensferry, yamma da gadar, hasken la'asar sakaliya yana buga ƙarfen ta gefe, kowace sanda ta fito da inuwarta. Da tsakar rana kuwa rana tana bayanka, hasken ya baje, gadar ta zama kamar zane a takarda. Idan safiya kake so, ka bi hanyar gaɓa ta ƙarƙashin gadar ka yi gabas wajen Longcraig da Hound Point, kana kan hanya ba a cikin yashi ba, za ka sami gadar gaba ɗaya da sauran biyun a bayanta, ta mota ta 1964 da Queensferry Crossing ta 2017. Ƙarni uku a hoto ɗaya. Mutane kaɗan ne suke ɗaukar wahalar tsallakawa North Queensferry, alhali tasha ɗaya ce a jirgin ƙasa daga Dalmeny, tashar South Queensferry, kuma a can hasumiyar ƙarfen tana tsaye ne a kan gidajen mutane. A ganina hoton da ya fi nuna girman gadar a can yake, rufin gida da bututun hayaƙi a ƙasa, dodon ƙarfe a sama.

Ko a kan dutsen ma ka buɗe ido. Gangaren Hawes Pier yana da gansakuka mai santsi a duk inda ruwa yake taɓawa, kuma manyan jiragen dakon mai suna wucewa, igiyar da suke tayarwa tana isowa gaɓa bayan jirgin ya yi nisa ka manta da shi. Kada kuma ka tare hanyar jirgin ceto.

Kifewar gadar ta baya ba laifin kyamara ba ne. Ka tsaya kusa da gilashi mai faɗi ka ɗaga hancinsa sama don ka kamo hasumiyar da ta kai mita 110. Ka daidaita kyamarar ta tsaya cak, ka bar ƙasan hoton ya cika da ruwa ko duwatsu, in ya so ka yanke daga baya. Ko ka ja da baya ka sa dogon gilashi, milimita 70 zuwa 200. Amma ka lura, ginshiƙan hasumiyar da gangan aka karkata su ciki, sun fi faɗi a ƙasa, kada ka miƙar da su a kwamfuta ka ɓata aikin Benjamin Baker, ɗaya daga cikin injiniyoyin da suka zana gadar. Faɗin gindin nan yana da dalili. A ranar 28 ga Disamba 1879 guguwa ta kayar da gadar kogin Tay, a nan Sikotland, da jirgin fasinja a kanta, kuma wanda ya zana ta, Thomas Bouch, shi ne aka riga aka ba aikin gadar Forth. Aka karɓe. John Fowler da Baker suka zana wadda iska ba za ta girgiza ba, wadda ko mai tsoro ya kalle ta zai yarda ya hau jirgi. Aka buɗe ta ranar 4 ga Maris 1890, tsawonta kusan kilomita 2.5, manyan tazarorinta biyu kowace mita 521, ƙarfenta ya haura tan 50,000. Hoton da ya sa ta yi siriri kamar zare bai fahimce ta ba. Nauyi ne labarinta.

Jan fenti: kyamara tana auna haske gaba ɗaya, ba ta kula cewa ja shi kaɗai ya riga ya ƙone. Ka kunna histogiram mai launi uku, wato zanen da ke nuna ƙarfin hasken kowane launi, ka dubi na ja, ka rage haske da rabin mataki ko biyu bisa uku, ka ɗauka a RAW, tsarin da ke ajiye hoton ɗanye don gyara daga baya. Kada ka bar kyamara ta zaɓi ma'aunin fari da kanta, ganin ja da yawa sai ta sanyaya hoton, shi ne dushewar da kake gani. Ka kafe shi a kan hasken rana. Fentin da ke jikinta yanzu na zamani ne mai ɗan sheƙi, an gama shafa shi a 2011, filtar kashe ƙyalli tana taimaka masa, amma ita ce kuma za ta goge inuwar da ke cikin ruwa. Ka juya ta a hankali ka zaɓi wanda ka fi so, ba za ka sami duka biyun cikakku ba. Baƙar filtarka ma tana iya sa wa hoto launi, ka gwada ɗaya babu ita don ka san asalin jan. Sauran ka sani: ISO 100, f/8 zuwa f/11, ka saita kaifi kafin ka ɗaura filta, ka kashe mai hana rawa, kada ka miƙa sandar tsakiya idan akwai iska.

Ka jira jirgi. Kusan 200 suke hawa gadar a rana, ba za ka daɗe ba. Layin dogon yana mita 46 sama da ruwa, jirgin ya kan zama ɗan mitsitsi a cikin ƙarfen, kuma shi ne ma'aunin da ido ke bukata. Ba sa gudu sosai a kanta, 1/500 ya isa ya tsayar da shi. Bayan magariba kuma, idan an kunna fitilun gadar amma sama ba ta gama baƙi ba, daƙiƙa 20 ko 30 babu filta za ta ba ka dogon zaren hasken jirgin a wani sashe na gadar.

Maganar 'yan sanda ba zan ce tsoronka na banza ba ne, mun san yadda ake kallon mutum. Amma doka tana gefenka. Babu dokar da ta hana ɗaukar hoton gada daga wurin jama'a a Birtaniya, balle wannan da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2015, wadda baƙi suke ɗauka dare da rana. Sashe na 44 na dokar ta'addanci ta 2000, wanda aka riƙa tsare masu kyamara da shi ba tare da wani dalili ba, kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta ce ya saɓa ƙa'ida a 2010, aka soke shi a 2012. Yanzu, in ba a yanayi na musamman ba, sai da zargi mai tushe. Ɗan sanda yana iya zuwa ya tambaye ka, ka amsa cikin natsuwa, ka nuna masa katin makaranta in ka ga dama, amma ba shi da ikon sa ka goge hoto.

Abin da zai iya taɓa bizarka shi ne layin dogon kansa. Tsufan gada ba ya nufin ta daina aiki. Shiga layin dogo laifi ne da tararsa ta kai fam 1,000, kuma 'yancin yawo a filaye da dokar Sikotland ta 2003 ta ba jama'a bai haɗa da reluwe ba. A tashar Dalmeny ko North Queensferry kana iya ɗauka daga dandamalin fasinja, inda za ka ga layin ya shige cikin ƙarfen kamar rami, amma kada ka wuce ƙarshen dandamali, kada ka haska wa direba filasha, kuma idan akwai ma'aikaci ka gaya masa kafin ka kafa ƙafa-uku. Diron kuwa, wato ƙaramin jirgi marar matuƙi, in ka ji shawarata ka bar shi a gida: rajista da hukumar jiragen sama, iyakar tsayin mita 120, izinin Network Rail masu gadar, ga filin jirgin saman Edinburgh a kusa. Takardun sun fi hoton yawa.

Idan ka dawo gida ka warware ƙafafun ƙafa-ukun ka wanke su da ruwan famfo, ka goge filta da gaban gilashi da ɗanyen ƙyalle kafin busasshe. Gishirin da iska ta watsa musu ba a ganin sa, amma idan ya kwana biyu makullan za su fara cijewa.